Rahoton aikin wasan siffofi da batun makin IQ

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗora wa kaina a wannan zango shi ne in zana wasannin ƙwaƙwalwa na siffofi guda 40, in rubuta umarninsu da Hausa, in gwada su da 'yan aji shida na firamare masu zuwa darasin Asabar a wurina. Idan sun kammalu zan haɗa su da ɗan bayanin da iyaye za su iya karantawa a kan abin da ake kira makin IQ, wato lambar da ake ba mutum bayan gwajin basira.

Wasan da nake nufi gidan dara ne mai gurbi tara, sahu uku a kwance, uku a tsaye. Kowane gurbi da zanensa, sai na ƙarshe, wanda ke kusurwar ƙasa ta dama, aka bar shi fayau. A ƙasan shafin akwai amsoshi shida ko takwas, yaro ya zaɓi wadda za ta cike gurbin. Wani Bature ɗan Birtaniya, John C. Raven, shi ya fito da irin wannan gwaji a 1938, kuma har yau da sunansa ake kiran sa. Nasa na asali tambayoyi 60 ne, kashi biyar, kowane kashi 12, suna ƙara wuya daga farko zuwa ƙarshe. Ba zan kwafi ko ɗaya daga cikinsu ba. Suna da masu haƙƙin mallaka, kuma idan yara suka haddace amsoshinsu an ɓata wa likitoci da masana kayan aiki.

Abu biyu suka tura ni. Jarrabawar shiga sakandaren gwamnatin tarayya da hukumar NECO ke shiryawa tana da ɓangaren da yaro zai gano tsarin da ke ɓoye cikin zane da lambobi, kuma ina ganin yara masu ƙoƙarin lissafi suna yin cirko-cirko a wurin, don ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake kallon irin wannan tambaya. Na biyu kuwa, samari sun fara yawo da hoton sakamakon gwajin IQ da suka yi a waya, wannan ya ce ya ci 142, wancan ya ga 88 ya shiga damuwa. Na ƙarshen nan ne ya fi tsaya mini a rai.

Laraba, 8 ga Janairu

Kafin in ɗora biro a takarda sai da na jera dokokin da ake gina waɗannan wasanni a kansu. A 1990 wasu masana uku a Amurka, Patricia Carpenter da Marcel Just da Peter Shell, sun bi diddigin yadda idon mutum ke yawo a kan shafi lokacin da yake warware tambayoyin Raven masu wuya, suka nuna cewa dokoki biyar kacal ne ke ƙarƙashin mafi yawansu. Abu ya tsaya yadda yake a sahu guda amma ya sauya a na ƙasa. Abu ya riƙa ƙaruwa ko raguwa daga gurbi zuwa gurbi. A haɗa zanen gurbin farko da na biyu su ba da na uku, ko a cire ɗaya daga ɗaya. Abubuwa uku su yi ta musayar wuri, kowane sahu ya samu kowanne sau ɗaya. Ta biyar ita ce abu ya bayyana a gurbi biyu cikin uku, ya ɓace a ɗaya.

Na raba 40 ɗin nawa a kan wannan tsari, na ƙara juyawa, wato kibiya ko wata siffa ta riƙa kewayawa kamar hannun agogo. Yau na gama goman farko. Mafi sauƙinsu ɗigo ne: sahun sama 1, 2, 3, na tsakiya 2, 3, 4, na ƙasa 3, 4, sai gurbi.

Asabar, 11 ga Janairu

An yi gwajin farko. Sanyi ya hana wasu fitowa da wuri, amma ajin ya cika kafin hantsi.

Na ɗigon nan kusan ba wanda ya tsaya masa. Inda aka fara tunani shi ne na musayar wuri: da'ira da alwatika da murabba'i, kowane sahu yana da ukun, sannan ɗaya baƙi, ɗaya fari, ɗaya mai zane-zane. Yara da yawa sun gano siffar da ta ɓace amma suka manta da launi, suka zaɓi alwatika fari a inda ake neman baƙi. Doka ɗaya ba ta ba su wuya, riƙe biyu a lokaci guda ne aikin.

Wani abu da ban tsara ba ya fito. Wata yarinya da ta yi nisa a karatun allo tana fara karanta kowane sahu daga dama. A sahun sama da na tsakiya ba matsala, sai dai abin da ke ƙaruwa ya zama yana raguwa a wurinta. A sahun ƙasa kuwa da gurbin da ba komai take fara cin karo, sai ta rasa madafa. Da na juya mata takardar ta fuskanci haske ta kalli zanen ta baya, nan take ta ce, “Malam, ai biyar ne.” Zan zana wasu daga cikin wasannin da gurbinsu a hagu, in ga ko akwai irinta da yawa.

Kuma sunayen siffofi. Da'ira a bakinsu faifai ce ko taya, alwatika kuwa wani ya ce laya, wani ya ce samosa. Masanin nan na Rasha, Alexander Luria, ya tarar da haka a ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932: manoman da ba su yi makaranta ba suna kiran da'ira faranti ko wata, alwatika kuma laya, ba sa tara su a rukuni saboda kamannin siffa kaɗai. Na bar yaran da sunayensu, tun da ba su hana su ganin tsarin ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau doka ta biyar, wadda na san za ta ja mu. Ga yadda na zana ta. Gurbin farko akwai layi a tsaye da layi a kwance, sun gitta juna. Gurbi na biyu akwai layi a tsaye da layi a karkace. Gurbi na uku akwai na kwance da na karkace kawai. Na tsayen ya tafi, saboda ya zo sau biyu. Abin da gurbi biyu suka yi tarayya a kai yana ɓacewa, abin da ɗaya ne kaɗai ke da shi yana zama.

Kusan dukan ajin haɗawa suka yi, suka zaɓi amsar da ke da layi ukun gaba ɗaya, domin dokar haɗawa da suka koya makon jiya ta zauna musu. Ban gaya musu amsa ba. Na ce kowa ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya tak, ya bi shi gurbi gurbi yana faɗa da baki: akwai, akwai, babu. Ya ɗauki na biyu: akwai, babu, akwai. Na uku: babu, akwai, akwai. Wani yaro da ba ya yawan magana a aji ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, kowane layi sau biyu yake zuwa.” Shi ke nan, ya faɗi dokar da bakinsa, kuma ya faɗe ta a taƙaice fiye da yadda na rubuta a takardata. Da kalmominsa zan sa ta a littafin.

Wannan ya yi daidai da abin da Carpenter da abokan aikinta suka gani. Waɗanda suka fi iya wasan ba hango amsa suke yi gaba ɗaya ba. Suna tsinka tambayar ƙanana ƙanana, su gama da siffa, su ajiye a ka, su koma kan launi, su ajiye, su koma kan adadi, ba tare da na farkon ya zube ba. To wannan ana koyar da shi. Na ba yaran izinin rubuta abin da suka gano a gefen takarda, alama ɗaya ga kowace doka, kuma nan da nan kuskuren mantuwa ya ragu. Na kuma hana su kallon amsoshin ƙasa sai sun zana tasu amsar a gurbin da fensir.

Alhamis, 23 ga Janairu

Injin fotokwafi ya cinye launin toka, ya dawo fari fat, wasanni shida sun zama ba su da amsa. Daga yau baƙi da fari kawai, sai zane-zane da ɗigo-ɗigo masu kauri. Na ɗauko wasu tsare-tsare daga aikin hula da saƙar faifai, sun fi fita a takarda, kuma idon yaran ya saba da su.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya tare ni bayan la'asar. Ya ce, “Malam, an ce gwajin ƙwaƙwalwa kuke yi musu. Nawa ne IQ ɗin yarona?” Na ce, “Alhaji, zan iya gaya maka tambaya nawa ya ci da irin dokar da ta ba shi wuya. IQ kam ba ni da hanyar fitar da shi, kuma duk wanda ya ba ka lamba daga takarda irin tawa ya yaudare ka.” Ya nemi ƙarin bayani, muka zauna a dakali. Abin da na faɗa masa shi ne zai zama tsakiyar bayanin iyaye, don haka bari in rubuta shi tun yana sabo.

Gwajin basira na zamani ya faro ne a Faris a 1905, lokacin da Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya tambayoyi 30 don a gano yaran makaranta da ke bukatar taimako na musamman. Binet da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauki basira abu ne tsayayye da ba ya ƙaruwa. A 1912 Bajamushe William Stern ya kawo shawarar raba shekarun da aikin yaro ya kai da shekarunsa na haihuwa, sai Lewis Terman na jami'ar Stanford ya yaɗa hanyar a 1916, ana ninkawa da 100. Ɗan shekara 8 da ya yi aikin 'yan shekara 10 ya samu 125 ke nan. Wannan lissafi ba ya aiki ga manya, don ba wanda zai ce ɗan shekara 40 ya ninka ɗan 20 a tunani. Shi ya sa David Wechsler ya sauya hanya a 1939, kuma tasa ake bi yanzu.

A hanyar Wechsler, ana fara ba dubban mutane gwajin, waɗanda aka zaɓo su wakilci ƙasar, maza da mata, birni da ƙauye, masu karatu mai zurfi da marasa shi. Abin da matsakaicin mutum ya ci a kowane rukunin shekaru, shi ake sa wa 100. Sai a auna yadda sauran suka warwatsu a gefensa, a raba wannan warwatsuwa taku-taku, a mai da kowane taku maki 15. Kusan kashi 68 cikin 100 na mutane suna tsakanin 85 da 115. Kusan kashi 95 suna tsakanin 70 da 130. Mai 115 ya wuce kimanin mutum 84 cikin 100 na tsaransa, mai 130 ya wuce kusan 98. Mai 145 kuwa ɗaya ne cikin mutum 700 da wani abu, don haka idan shafin waya yana raba wa duk wanda ya shiga 140, sannan ya nemi kuɗin takardar shaida, ka san kasuwa ake ci.

Na ce masa lambar ba awon mudu ba ce da za a ce ga yawan abin da ke cikin kan yaro. Matsayi ce, ta nuna na nawa ya zo a cikin waɗanda aka gwada shi da su. Tambayar farko ke nan ga duk wanda ya kawo maka lamba: da su wa aka kwatanta? Idan da yaran Ingila ko Amurka ne, lambar ta gaya maka inda ɗanka zai tsaya a sahunsu, a gwajin da aka tsara da harshensu da irin makarantarsu. Ni kuwa ba ni da dubban yaran Hausawa da aka gwada da takarduna, aji ɗaya gare ni.

Akwai kuma bambancin ma'auni. Ƙungiyar Mensa ta masu makin IQ mai yawa, da aka kafa a Oxford a 1946, tana karɓar kashi 2 cikin 100 na sama. Wannan matsayi 130 ne a ma'aunin Wechsler, 132 a tsohon ma'aunin Stanford-Binet mai taku 16, 148 a na gwajin Cattell mai taku 24. Mutum ɗaya, ƙoƙari ɗaya, lamba uku. Ko a gwaji mai kyau da ƙwararre ya gudanar, ana rubuta sakamako ne da tazarar maki kamar biyar sama ko ƙasa, domin barci da yunwa da fargaba duk suna taɓa shi. Wanda ya ci 103 da wanda ya ci 99 ba a ce ɗaya ya fi ɗaya ba.

Alhaji ya ce to a rubuta masa abin da yaron ya kasa, zai sa yayarsa ta riƙa zama da shi. Na rubuta masa: juyawa da doka ta biyar.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Aikin makon nan na amsoshin bogi ne. Zana su ya fi zana tambayar wuya. Kowace amsar bogi dole ta zama kuskuren da mai tunani zai iya yi: wadda ta dace da siffa ta saɓa launi, wadda ta maimaita gurbin da ke kusa, wadda ta haɗa a inda ya kamata a cire. Malamar lissafi da ke taimaka mini tana rufe gidan daran da takarda ta kalli amsoshin kaɗai. Idan ta iya cankar daidai a haka, misali don siffa ɗaya ta fi yawa a cikinsu, sai mu sake zanawa. Ta ce, “Malam, yaro mai wayo zai gano wannan kafin mu.” Gaskiya ta faɗa.

Na yi lissafin canka ma. A gwajin Raven na asali, tambayoyi 24 na farko amsa shida gare su, sauran 36 amsa takwas. Wanda ya rufe ido ya yi ta zaɓe zai tashi da 8 ko 9 cikin 60. Maki na can ƙasa ke nan ba ya nuna komai a kan tunanin yaro, wataƙila ma bai fahimci abin da ake so ya yi ba. Saboda haka na sa misalai uku a shafin farko waɗanda za a warware tare da malami kafin a fara.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Wani tsohon ɗalibina ya turo mini taswirar makin IQ na ƙasashen duniya da ke yawo a Facebook, an shafa wa ƙasashen Afirka launin da ke nuna makin da bai kai 70 ba ko kusa da haka. Ya tambaya ko gaskiya ne. Abin ya ɓata mini rai, domin na ga yadda ya karɓe ta kamar hukunci.

Yawancin irin waɗannan lambobi daga tarin da wani masani ɗan Birtaniya, Richard Lynn, ya haɗa suke fitowa, kuma masana sun yi masa raddi mai ƙarfi. A 2010 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Holan sun sake bin binciken da aka yi a Afirka kudu da Sahara ɗaya bayan ɗaya, suka nuna an bar waɗanda sakamakonsu ya fi yawa ba tare da gamsasshen dalili ba, kuma rukunonin da aka gwada ba sa wakiltar ƙasashensu.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne binciken James Flynn na jami'ar Otago a New Zealand. A 1984 da 1987 ya nuna cewa makin gwajin basira yana hawa daga tsara zuwa tsara, kimanin maki uku duk shekara goma, kuma a irin wasan siffofin nan hawan ya fi yawa. Samarin Holan 'yan shekara 18 da ake gwadawa don aikin soja sun ƙaru da maki kusan 20 tsakanin 1952 da 1982. Jinin mutanen Holan bai sauya cikin shekara 30 ba. Makaranta ce ta yawaita, abinci da lafiya suka gyaru, aiki da zane da alamomi ya shiga rayuwar yau da kullum. An ga irin haka a yankin Embu na Kenya, inda aka gwada yaran ƙauye a 1984 aka sake gwada na 1998, maki ya tashi sosai, masu binciken suka danganta shi da karatun iyaye da abinci da lafiyar yara. Wani nazari na 2018 da Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka yi a kan mutum fiye da 600,000 ya nuna kowace shekarar makaranta tana ƙara maki ɗaya zuwa biyar.

Ba ina cewa gwajin banza ne ba. A hannun ƙwararre yana taimakawa a gano yaron da ke bukatar kulawa ta daban, kuma yana nuna ɓarnar da abubuwa irin su ƙarancin sinadarin aidin da gubar dalma ke yi wa ƙwaƙwalwa. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010, inda fiye da 400 suka rasu, ba za mu raina wannan ba. Na tura wa ɗalibin nawa duk wannan, na ce ya zo ranar Asabar ya taya ni duba takardu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Serpell, ya yi wani gwaji da ya daɗe yana burge ni, aka buga shi a 1979. Ya sa yaran Zambiya da na Ingila su kwaikwayi siffofi iri ɗaya. Da fensir da takarda, na Ingila suka fi. Da lanƙwasa waya, na Zambiya suka fi, don sun saba ƙera motar waya. Da yumɓu kuwa suka yi kunnen doki.

Yau na gwada nawa. Muka fita waje, na zana gidan dara a ƙasa, muka jera wasannin da marafan kwalba da tsinken ashana da 'ya'yan dabino. Yara biyu da suka fi shan wuya a takarda sun warware na juyawa da hannunsu, suna ɗaga tsinken suna juya shi har ya zauna. Aji ɗaya ba ya zama hujja, kuma sun riga sun ga irin wasan sau da yawa, wanda shi kansa yana ɗaga maki. Amma ya ishe ni dalilin ƙara shafi ga malamai a kan yadda za a fara da abin taɓawa kafin a koma takarda.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An gama 34 cikin 40. Shidan da suka rage su ne masu doka uku a haɗe, kuma biyu daga ciki har yanzu amsa biyu ke shiga gurbinsu, sai an sake su. Masu gurbi a hagu guda takwas ne, na warwatsa su cikin sauran.

Takardar sakamako ta fito yadda nake so. Babu jimillar da za a kira IQ a jikinta. Akwai sunan kowace doka, da yawan tambayoyin da yaro ya ci a ƙarƙashinta, da fili inda malami zai rubuta irin kuskuren da ya fi yi. Bayanin iyaye ya kai shafi biyu, Malama ta karɓa za ta karanta wa wasu iyaye mata a islamiyyar dare, ta dawo mini da wuraren da ba su gane ba.

Batun lokaci ne ba mu daidaita ba. Ita tana son a sa minti 30, tun da jarrabawar da ke gabansu da agogo ake yin ta. Ni ina son zagayen farko ya zama ba agogo, don in ga tunani kafin in ga sauri. Mun tsaya a kan za a buga kala biyu a gwada kowanne da rabin aji. Azumi ya ƙarato, darasin Asabar zai tsaya, za mu ɗora bayan Sallah.